Ciwon Gaɓa da Karaya: Abin da Likita Yake Nema Kafin Ya Ce A Yi Hoto

Yawancin masu zuwa asibiti da ciwon gaɓa, tun daga gida sun gama yanke abin da suke so a yi masu: a ɗauki hoton ƙashi, wanda a nan Maraɗi aka fi kira radiyo. In likita ya tsaya yana tambayoyi, ya tattaɓa wurin, ya rubuta magani bai ce a je hoto ba, sai a fito ana gunaguni wai bai duba da kyau ba. In kuma an yi hoton aka ce ba a ga komai ba, sai hankali ya kwanta a koma gida. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin ciwon da ya fi saurin cinye gaɓa ba ya fitowa a hoto a kwanakinsa na farko.

Hasken da Bajamushe Wilhelm Rontgen ya gano a 1895, wanda har yau da shi ake wannan hoto, ƙashi ne yake tare shi. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi, da jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa, da ruwan da ke cikinta, har da mugunya in ta taru, duk ratsa su yake yi ya wuce, sai ƴar inuwa. Saboda haka kafin a kai ga na'ura, aikin na baki ne da na hannu. Kuma abin da likita yake fara warewa a ransa, tun mara lafiya bai gama zama ba, shi ne: wannan ciwon zai iya kwana, ko na yau-yau ne?

Wanda ba ya kwana shi ne gaɓa guda da ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta ɗauki zafi rau, mai ita ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan, ga zazzaɓi. Likita zai ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga, har sai an tabbatar ba haka ba ne. Wadda ta fi yin wannan ɓarna, stafilokok, a fatar mutum take zaune, ta kan bi jini daga maruru ko wani miki ta sauka a gaɓa. In mugunya ta taru a ciki, cikin ƴan kwanaki take narkar da guringuntsi, shi kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Allura ce take raba gardama: a tsabtace fata, a soka, a zuƙo ruwan gaɓar a kai ɗakin gwaji. Na lafiyayyar gaɓa garai-garai yake, da ɗan yauƙi; wanda cuta ta shiga a gurɓace yake fitowa, wani sa'in mugunya ce zalla. Akwai masu gudun wannan allura, wai in an zuƙe ruwan gwiwa bushewa za ta yi. Ba ta bushewa, jiki yana sake yin wani. An kuma fi son a zuƙo ruwan kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, don in an riga an sha, gwajin na iya fitowa fes alhali cutar tana nan.

A yara abin ya fi ɓuya. Ɗan shekara uku ba zai ce ga inda ke masa ciwo ba, ƙin taka ƙafa kawai zai yi, ko ya nuna gwiwa alhali ciwon yana can sama, a mahaɗar cinya da ƙugu, saboda jijiya ɗaya ce take kai saƙo daga wuraren biyu. Shi ya sa likitan da aka kawo wa yaro mai ciwon gwiwa za ka ga ya kwantar da shi yana jujjuya cinyar. Abubuwa huɗu ake haɗawa a auna haɗari: zazzaɓin da ya haura 38.5, ƙin taka ƙafa, gwajin kumburi da takardunmu suke rubutawa VS ya wuce 40, da fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000. Gwargwadon yawan waɗanda suka taru, gwargwadon kusancin yaron da ɗakin tiyata. Na'urar eko, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, tana nuna ruwan da ya taru a gaɓar ƙugu tun hoton ƙashi bai nuna komai ba. Cutar da ta shiga ɓargo ma haka take, sai ta yi kwana 10 zuwa 14 tana ci kafin ta bar alama a hoto.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika cibiyoyin lafiya daga Madarumfa zuwa Gidan Rumji, duk yaron da ya zo da zafin jiki gwajin sauro ake fara yi masa, kuma sau da yawa ya kan nuna akwai. To amma samun wannan bai kore wancan ba. Zazzaɓin sauro yana sa ciwon jiki gaba ɗaya, ba ya kumbura gwiwa guda ya hana ta lanƙwasuwa.

Sai masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda ba su da kaɗan a ƙasar Hausa. Jajayen ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa jini, ciwo ya taso. Tun jariri yana wajen wata shida ake iya fara gani, bayan hannu da bayan ƙafa su kumbura yana ta kuka. Su ne kuma suka fi saurin kamuwa da cutar ɓargo, har da ta ƙwayar salmonela, dangin mai kawo taifot. A ranar farko tashin sikila da cutar ɓargo kamanninsu ɗaya, ko ƙwararre sai ya yi da gaske. Tashin sikila ya kan kama wurare da yawa, ya lafa cikin kwanaki in an ba da ruwa da maganin ciwo. Wanda ya kafe a wuri guda, kumburi na ƙaruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka, wannan sai an sake lale. Matashi mai sikila kuma da ya fara ɗingishi yana kukan matsematsi, ana zargin kan ƙashin cinyarsa ne yake mutuwa don rashin jini, ko da hoton farko ya fito lafiya lau.

In an fitar da waɗannan, sauran ciwon gaɓa yana ba da lokaci, kuma a nan tambaya take aiki. Likitan da ya san hannunsa ba ya tsayawa a "ina ke ciwo". Zai ce, "Inna, in kin tashi da asuba, yatsun nan suna lanƙwasuwa ki yi alwala, ko sai rana ta ɗaga?" Amsar tana raba ciwon gida biyu.

In ta ce, "A'a likita, da safe da sauƙi, in na wuni a tsaye ne gwiwar take hana ni barci," to zaizayewar guringuntsi ce, wadda shekaru da ƙiba da tsohon rauni da ɗaukar kaya suke kawowa. Gaɓa ta kan sage bayan zama amma ta saki kafin rabin awa, tana ƙas-ƙas in an lanƙwasa, tashi daga sujada ya zama aiki. Ga wanda ya haura shekara 45 da irin wannan labari, sau da yawa ba a ma bukatar hoto kafin a san abin da ake ciki. In za a yi, a tsaye ya kamata a ɗauka, nauyin jiki yana kan gwiwar, don a ga yadda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ta tsuke. Ko a nan ɗin ma hoto da ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Wani hotonsa ya lalace amma yana zuwa gona, wata hotonta da dama-dama amma ba ta iya tsugunawa.

In kuwa ta ce sai ta yi awa ɗaya ko fiye kafin yatsun su saki, kuma motsi ne yake kawo sauƙi, to likita zai gyara zama. Wannan amosanin gaɓɓai ne na kumburi, inda garkuwar jiki take juyowa ta afka wa shimfiɗar cikin gaɓa. Ya fi kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. In aka matse tushen yatsun gaba ɗaya a hankali, mai shi zai janye hannu. Ana neman ya kai mako shida, don ciwon gaɓar da wasu cututtukan bairos suke kawowa ya kan wuce da kansa kafin nan. Gwajin jini yana taimakawa, amma a bi shi da lura: akwai masu cutar da gwajin da aka saba yi ba ya nunawa, akwai kuma waɗanda yake nunawa alhali ciwon hanta ne ko tarin fuka ko tsufa kawai. Gwajin anti-CCP ya fi shi tantancewa. A ganina babbar asarar da ake yi a wannan cuta ita ce jiran yatsu su karkace kafin a yarda ita ce. Watannin farko ne magani irin metotreksat yake iya tsayar da ɓarnar, lokacin da hoto bai nuna komai ba tukuna.

Ciwon gawut shi da dare yake sallama. Magidanci ya kwanta lafiya, tsakar dare tushen babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ba ya so ya taɓa. Sinadarin yurik ne yake daskarewa ya zama tsinke-tsinke a cikin gaɓa. Za a tambaye shi nama da kayan ciki, musamman in bayan babbar salla ne, da lemun kwalba, da giya, da kuma maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Gwajin yurik a jini na iya fitowa daidai a tsakiyar tashin ciwon, don haka in an yi shakka a kan maimaita bayan ya lafa. Kuma tunda gawut da gaɓar da cuta ta shiga suna kama da juna, nan ma allurar zuƙo ruwa ce alƙali.

Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ciwo yake yi masa ƙaura, yau gwiwa, jibi idon sawu, gata gwiwar hannu, za a tambayi uwar ko ya yi ciwon maƙogwaro mako biyu ko uku da suka wuce. Sannan a ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, domin gaɓoɓin za su warke sarai, zuciya ce take ɗaukar tabon har girma. Ciwon baya na watanni da rama da gumin dare, tarin fuka ake zargi ko babu tari, don yana cin ƙashin baya har ya fito da doro. Makiyayi daga wajen Dakwaro, ko duk mai shan madarar da ba a tafasa ba, in ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon kwankwaso, ana tuna cutar burusela da ake ɗauka daga dabbobi.

Har ruwan sha ana tambaya, kuma mutanen jihar nan sun san dalili. A Tibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi, yara masu yawa sun tashi a shekarun 1990 da haƙora masu tsatsa da ƙafafu lanƙwasassu, aka gano ruwan rijiyar burtsatsen da garin yake sha ne yake ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, na Tibiri ya haura haka nesa ba kusa ba. Likitan da ya ga sagewar gaɓoɓi tare da irin waɗannan haƙora, garin da mutum ya girma zai fara tambaya.

Wata tambayar da ba a cika ba ta amsar gaskiya ba ita ce, "Baba, me ka sha kafin ka zo?" Ƙwayoyin da ake saya a hannun masu talla a kasuwa da tasha sukan haɗa da diklofenak da deksametazon. Na biyun yana kwantar da kumburi da zazzaɓi cikin sauri, sai gaɓar da cuta take ci ta zo wa likita a lafe, alamunta sun dushe. In aka daɗe ana sha kuma, shi kansa yana sa ƙashi ya yi rauni, ya tayar da sukari, ya kumbura fuska. Wanda ya zo da kwalin ko ledar abin da ya sha ya rage wa likita rabin aiki.

Karaya kuwa, mutane suna ganin ita ce mai sauƙin ganewa, kuma sau da yawa haka ne. Amma wanda aka kwaso daga hatsarin kabu-kabu ko na mota a hanyar Ɗan Isa, ba ƙafar da ta karkace ake fara dubawa ba, ko da ita ce ƴan uwa suke nunawa suna salati. Numfashi ne farko, sai jini, sai kai da wuya da ciki. Karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jini a cikin tsoka ba tare da ɗigo ya fito waje ba, ta ƙashin ƙugu ta fi haka. Bayan nan a duba ƙasan karayar: akwai bugun jini? Yatsu da ɗumi? Yana jin taɓi, yana motsa su? Sai a duba fata. Ko ƙaramin huji ne kusa da karayar, in yana tsiyayar jini, ana ɗaukarsa ƙashi ya haɗu da waje. Wannan yana bukatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa, da allurar tetanos. Shafa masa wani abu a ɗaure shi ne hanyar da ƙashi yake ruɓewa a yi shekaru ana fama da miki mai tsiyaya.

A nan hoto yake da babban amfani, amma da ƙa'idarsa. Ana ɗauka ta fuska biyu, gaba da gefe, don karayar da ta ɓuya a ɗaya ta kan fito a ɗayan, kuma a haɗa da gaɓar sama da ta ƙasa. Ba kowane targaɗe ba ne yake bukatarsa. Wata ƙa'ida da likitocin Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992 ta nuna cewa wanda ya gurɗe a idon sawu, in zai iya taku huɗu, kuma ba ya jin zafi in an danna bayan ƙasusuwan idon sawun biyu da wasu wurare biyu a gefunan tsakiyar ƙafa, da wuya a ce karaya ce. Ga mai biyan kuɗin hoto daga aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaya gefen kuma, wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, yana jin zafi a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, ana sa masa filasta ko hoto bai nuna komai ba, a sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Ɗan ƙaramin ƙashin da ke wurin ya kan ɓoye tsagewarsa, kuma in an bar shi yana iya ƙin haɗewa.

Ƙashin yaro kamar ɗanyen reshe yake, ya kan lanƙwashe ya tsage ta gefe ɗaya bai rabu ba. Yana kuma da wuraren tsiro a bakin kowane dogon ƙashi, waɗanda a hoto suke kama da tsaga, har wani lokaci sai an ɗauki ɗaya hannun an gwada. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje, wuyan ƙashin cinya ne ya karye sai in an tabbatar da akasin haka. Wanda kuma ƙashinsa ya karye ba tare da wata faɗuwar kirki ba, ana neman abin da ya riga ya cinye ƙashin, ciki har da sankarar mama ko ta mafitsara da ta bazu.

Ba za a yi maganar karaya a Maraɗi a tsallake masu ɗori ba. Su ne kusa, su ne masu sauƙin biya, mutane sun yarda da su, kuma karayar da ba ta goce ba, a rufe take, ta kan haɗe a hannunsu, don ƙashi in an hana shi motsi haɗewa yake yi. Inda ake samun musiba shi ne abin da hannu ba ya iya tantancewa, da kuma ɗauri. Misali mafi muni shi ne yaron da ya faɗo daga bishiya ya karye a saman gwiwar hannu. Babbar jijiyar jini ta bi ta gaban wurin. Hannu zai ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku, in an ɗaure shi tam da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jinin da ke cikin tsoka. Cikin awa shida zuwa takwas tsoka ta fara mutuwa. Alamar farko ciwo ne da ya wuce misali, wanda magani ba ya kwantarwa, kuma in an miƙar da yatsun yaron sai ya ƙwalla ƙara. Daga nan sai dindiris da sanyin yatsu. Jiran bugun jini ya ɓace ko yatsu su yi baƙi jiran makara ne, don a lokacin zancen yankewa ake yi. Kuma a faɗi gaskiya, filastar asibiti ma tana yin haka in ta matse, shi ya sa ake tsaga ta ko a sa rabi a kwanakin farko, a ce wa iyaye su dawo ko tsakar dare ne in sun ga waɗannan alamu. Abin da ake yi nan take shi ne a kwance duk abin da aka ɗaura har fata, in bai sauka ba a tsaga fata da tantanin da ya lulluɓe tsokar a ɗakin tiyata, tsokar ta samu sarari.

Da yawa sai bayan wata biyu ko uku suke isowa babban asibitin jiha, ƙashi ya riga ya haɗe a karkace, ko ya ƙi haɗewa yana lilo. A nan shekaru ne suke yanke hukunci. Ƙaramin yaro in karkatar ba ta yi yawa ba kuma tana kusa da wurin tsiro, girma yana miƙar da ita a hankali, sai dai ba ya gyara ƙashin da ya haɗe a murɗe. Babba kuwa yadda ya haɗe haka zai zauna, sai in an sake yanke ƙashin a tiyata, a daidaita, a riƙe shi da ƙarfe, sannan a ƙirga wasu watannin kafin ya taka.